Ƙurajen fuska sun hana ni sakewa a wurin aiki, ina mafita?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 27, ina aiki a wani banki a Kano, a teburin kula da abokan hulɗa. Tun ina sakandare nake ɗan samun ƙuraje, amma tunda na fara aiki abin ya ta'azzara. Goshi da kumatu da haɓa duk sun cika, kuma kowane ƙurji in ya tafi sai ya bar baƙin tabo. Wata abokiyar aikina ta haɗa min wani mai, na kuma sayi man nan na kemis mai haɗi uku ina ƙarawa, a fuska kawai nake shafa su. Da farko fuskata ta yi luwai-luwai har ta yi haske. Yanzu wata bakwai ke nan, in na daina kwana uku sai ta yi ja, ta feso da ƙananan ƙuraje tana zafi. Kullum sai na lafta fandeshin kafin in fita, kuma ina wanke fuska da sabulun kashe ƙwayoyin cuta kusan sau biyar a rana. Kunyar haɗa ido da mutane nake yi, ga bikina saura wata biyar. Don Allah me zan yi?

Wata ma'aikaciya daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai mu lokacin lafiya. Wata biyar ya isa a ga canji na gaske, in dai aka fara daga inda ya kamata. Ciwo biyu ne a fuskarki yanzu: ƙurajen da kike fama da su tun balaga, da wanda man shafawa ya jawo. Na biyun ya fi gaggawa, don muddin yana nan fatarki ba za ta iya ɗaukar maganin na farkon ba.

Ki ɗauko kwalin man kemis ɗin ki karanta ƙananan rubutun jikinsa. Mayukan da ake kira masu haɗi uku suna ɗauke da maganin makero, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da kuma sitiroyid, wato magani mai kwantar da kumburi. A Funbact-A, alal misali, sitiroyid ɗin shi ne betamethasone. A Skineal kuwa clobetasol ne, wanda yana cikin mafiya ƙarfi da ake shafawa a fata. Magunguna ne na gaske, an yi su don wasu cututtukan fata, a shafa na 'yan kwanaki a ajiye. Ƙurajen fuska ba ya cikin aikinsu. Shi kuma haɗin abokiyar aikinki babu takardar da za ta gaya miki abin da ke ciki, amma yadda kika kwatanta shi, haske cikin sauri sannan ja da zafi in an daina, alama ce mai ƙarfi cewa shi ma da sitiroyid a cikinsa. Irin waɗannan haɗe-haɗen ana yawan samun hydroquinone a ciki, wato sinadarin da ke sa fata haske, wani lokaci har da zaiba, wadda ke lahanta ƙoda. Hukumar NAFDAC ta haramta sanya sitiroyid da zaiba a mayukan kwalliya.

Dalilin da ya sa ya yaudare ki shi ne, sitiroyid yana kwantar da kumburi yana kuma matse ƙananan jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata. Cikin mako ɗaya sai fuska ta yi sumul ta yi haske. A ƙarƙashi kuwa yana cinye kaurin fatar, yana raunana garkuwarta, kuma yana haifar da nasa ƙurajen. Ana gane su: ƙanana ne, girmansu ɗaya, tare suke fesowa kamar an shuka su rana guda, kuma yawanci babu masu baƙin kai a cikinsu. In aka daɗe sai jijiyoyi ja-ja su bayyana a kumatu, gashi ya fara tsiro inda da babu. Ranar da aka daina, jijiyoyin da aka matse sai su buɗe gaba ɗaya, fuska ta yi ja ta ɗau zafi, mutum ya tsorata ya koma. Wannan komawar ita ke riƙe mata shekara da shekaru a kan man.

Haɗin abokiyar aiki ki ajiye shi yau. Na kemis ɗin, tunda a fuska kaɗai kike shafawa, likita zai iya cewa ki yanke shi kai tsaye, ko ya sauko da ke zuwa sitiroyid marar ƙarfi, wato hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, na mako ɗaya ko biyu kafin ki rabu da shi. Mun fi son ki yi wannan matakin a hannun likita, don wata bakwai ba kwana bakwai ba ne. Ga duk mai karatu da ke shafa irin wannan mai a jiki duka tsawon watanni, hukuncinta daban: kada ta yanke shi farat ɗaya. Sitiroyid yana ratsa fata ya shiga jini, har ƙananan halittun da ke saman ƙoda su rage samar da nasu na asali. In aka daina kwatsam ana iya samun kasala mai tsanani, jiri, amai da faɗuwar jini. Irin wannan sai asibiti, a auna sukari da hawan jini, a riƙa ragewa a hankali.

Ki shirya wa abin da zai biyo baya. Fuskar za ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru: ja, zafi, saɓa, ƙananan ƙuraje. Yawanci mako biyu zuwa huɗu ne mafi wahala, wasu kuma yakan kai su wata biyu ko fiye. In kina da ragowar hutun shekara, nan ne wurin kashe mako guda daga ciki. In babu, ki fara ranar Alhamis ko Juma'a da yamma, don kwanakin farko su faɗa a ƙarshen mako. In zafi ya taso, ki jiƙa tsumma mai laushi da ruwan sanyi ki ɗora minti goma. Likita na iya ba ki ƙwayar doxycycline ko man shafawa marar sitiroyid don rage raɗaɗin wannan zangon. Duk tsanani kada ki koma wa tsohon man, ko da na dare ɗaya ne, don baya zai mayar da ke.

A waɗannan makonnin, baya ga abin da likita ya rubuta miki, abu uku kacal za ki riƙa kula da fuskarki da su: abin wanki mai laushi, man laushin fata, da man kariyar rana.

Wankin sau biyar da sabulun kashe ƙwayoyin cuta shi ne kuskure na biyu, kuma mun san daga ina ya fito: an ɗauka datti ke kawo ƙuraje. Ba haka abin yake ba. Kowace ƙofar gashi a fuska tana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. In matattun ƙwayoyin fata suka cakuɗe da maiƙon suka toshe ƙofar daga ciki, sai wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, jiki ya kawo mata yaƙi, wurin ya kumbura. Baƙin da kike gani a kan wasu ƙurajen iska ce ta taɓa toshiyar ta rine ta, ba ƙura ba ce. Sabulu ba ya kaiwa can ciki. Abin da yake yi shi ne ya kankare maiƙon da ke kare saman fata, ta bushe ta tsattsage, duk abin da aka shafa ya riƙa yi mata zafi. Sabulun salo ma, duk da sunan da ya yi, yana da kaifi ga fatar da sitiroyid ya riga ya cinye. Sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da abin wankin fuska marar ƙamshi, da tafin hannu, da ruwa mai ɗan ɗumi, na kamar rabin minti. Ban da soso, ban da abin gurza mai tsakuwa-tsakuwa. Ki tsane da tawul mai tsabta ta hanyar dannawa, kada ki goge. Alwala ba ta cikin lissafin nan, ruwa zalla ba ya cutar da fuska, sai dai kada ki dirza.

In fatar ta lafa, zafi da jan sun tafi, sai a shiga maganin ƙurajen asali. Ginshiƙinsa shi ne adapalene mai kashi 0.1 cikin 100, wanda ke hana ƙofofin toshewa tun daga tushe. Da dare ake shafa shi, kuma lokacin da ya fi dacewa da ke shi ne bayan sallar Isha'i, tunda kin gama alwalar ranar, zai kwana a fuska har Asuba. Ki wanke fuska, ki jira minti 15 zuwa 20 ta bushe sarai, don jiƙaƙƙiyar fata ta fi jin zafinsa. Ki matso kamar girman ƙwayar wake ɗaya, wannan na fuska duka ne. Ki ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, ki baza shi siriri, ki kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da leɓe. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora shi a kan ƙurjin da ya riga ya fito kawai. Ƙurjin da kike gani yau makonni da suka wuce ya fara haɗuwa a ciki, maganin kuwa na gobe yake tarewa, shi ya sa ake shafe duk inda suka saba fitowa. Mako biyun farko ki shafa dare ɗaya ki huta biyu. Mako biyu na gaba dare ɗaya a shafa ɗaya a huta. Daga nan kullum, in fatar ta yarda. In ta fara saɓa sosai ki koma matakin baya, ko ki fara shafa man laushi kafin maganin. Yawan shafawa ba ya ƙara sauri, ƙuna kawai yake ƙarawa, ƙuna kuma a fatarmu baƙin tabo take zama.

Na biyu shi ne benzoyl peroxide, mai kashe ƙwayar cutar, kuma ba ta sabawa da shi yadda take sabawa da sauran magunguna. Mai kashi 2.5 ko 5 cikin 100 ya wadatar. Wani bincike da aka wallafa a 1986 ya nuna mai kashi 2.5 yana aiki daidai da mai kashi 10 a kan ƙuraje masu kumburi, kuma bai kai shi ƙona fata ba. Sai dai yana da hali guda da ya shafi mai zuwa ofis: yana koɗar da launin tufafi. Zai ɓata miki mayafi, hijabi, tawul da rigar matashin kai. Don haka mun fi ba ki shawarar na wanki: ki shafa da safe, ki bar shi minti ɗaya ko biyu, ki ɗauraye sosai, ki tsane da farin tawul. Ki shigo da shi bayan fatar ta saba da adapalene da kamar mako uku, kada ki fara su rana ɗaya. Man clindamycin da masu kemis ke yawan bayarwa kada a shafa shi shi kaɗai, don ƙwayar cutar tana saurin sabawa da shi. Tare da benzoyl peroxide ake haɗa shi.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci ga mai shirin aure. Ba a amfani da adapalene da danginsa irin su tretinoin in ana da juna biyu ko ana neman samu. Haka doxycycline. Ƙwayar isotretinoin kuwa, wadda ake bai wa masu manyan ƙuraje masu barin rami, tana jawo mummunar nakasa ga jariri, kuma likitan fata ne kaɗai ya kamata ya rubuta ta, da sharuɗɗa masu tsauri na hana ɗaukar ciki. Kada ki karɓe ta a hannun kowa. Tun ranar farko ki gaya wa likita ranar bikinki, don a tsara lokacin da za ki ajiye adapalene ki koma azelaic acid mai kashi 15 ko 20 cikin 100. Shi ana amfani da shi ko da ciki, yana maganin ƙuraje yana kuma rage baƙin tabo, sai dai yakan ɗan yi ƙaiƙayi ko tsikari a makonnin farko. In ma fatarki ta ƙi jure adapalene, za ki iya komawa azelaic acid ɗin tun kafin wannan lokacin.

In an ba ki doxycycline, yawanci miligiram 100 ne sau ɗaya a rana na kimanin wata uku, sannan a sake dubawa. Ki sha da cikakken kofin ruwa kina zaune, kada ki kwanta sai bayan rabin awa aƙalla, don in ta maƙale a maƙogwaro tana yi masa gyambo. Mai azumi da ke sha da sahur ta kula da wannan sosai. Ki raba ta da maganin ƙarin jini da maganin gyambon ciki na ruwa da awa biyu zuwa uku, don suna hana ta shiga jiki. Tana kuma sa rana ta fi cin fata.

Duk wannan a gida ake yin sa. A wurin aiki abin da ake so daga gare ki shi ne kada awa takwas ko tara na ofis su rushe aikin dare.

Mu fara da hannu. Mai zama a tebur tana yawan yin tagumi, tana shafa haɓa in tana sauraron mutum, tana lalubar ƙurji ba tare da ta sani ba. Sannan ga madubin banɗaki, inda ake matse ƙuraje a tsaitsaye. Matsa ƙurji yana fasa jakar a ciki, abin da ke cikinta ya bazu a nama, kumburin kwana huɗu ya koma na mako biyu, ya bar tabon wata shida. Akwai ƙananan filastoci masu kama da fata da ake mannawa a kan ƙurji mai ruwa. Suna tsotse ruwan, kuma babban amfaninsu shi ne suna shiga tsakanin ƙurjin da farcenki. Ki ajiye 'yan kaɗan a jaka. Ƙurji mai zurfi mai ciwo wanda ba shi da baki, ki naɗe ƙanƙara a hankici ki ɗora minti biyar, kada ki taɓa shi da allura. Man goge baki, lemun tsami, tafarnuwa da kanwa duk ƙona wurin suke yi.

Sai abin da ke gugar fata. Zafi da gumi da matsi in suka haɗu wuri ɗaya suna tayar da ƙuraje a daidai wurin. Ki duba madubi: in ƙurajen sun bi layin da hular ciki ko bakin hijabi ke zama a goshi da gefen muƙamuƙi, to ga dalili nan. Ki koma hular auduga, ki sassauta ɗaurin, ki canja ta kullum, ki riƙa wanke mayafin da ke taɓa fuska bayan sawa ɗaya ko biyu. Goshi kuma yana da wani maƙiyin: man kitso. Mai kauri irin basilin da man gashi masu maiƙo suna narkewa da zafin rana su gangaro, hula ta danne su a kan fata yini guda. Ki tsaya da shafa mai kamar yatsa biyu kafin bakin gashi, ki goge goshi bayan kitso. Wayar tebur da ta hannu in ana manna su a kunci ɗaya kullum, wannan kuncin yakan fi ɗaya lalacewa. Ki goge su da auduga da sifirit, ki riƙa sa abin kunne in hira za ta yi tsawo. Masu aikin asibiti da ke yini da takunkumi su canja shi in ya jiƙe, su guji kwalliya a ƙarƙashinsa, su ɗan cire shi su sha iska na kamar kwata awa bayan kowace awa huɗu in wuri ya ba da dama. Masu aikin suya da makanikai kuwa mai ne ke bin iska ko tufafi ya toshe musu ƙofofin, su wankan tashi daga aiki da canja kaya ne maganinsu na farko.

Ba za mu ce ki daina kwalliya ba. Aikinki na fuskantar jama'a ne, kuma mun san abin da rufe tabon yake yi wa zuciyarki. Amma a rage kauri. Ki nemi fandeshin mai ruwa-ruwa wanda aka rubuta oil-free ko non-comedogenic a jikinsa, ma'ana ba ya toshe ƙofofin fata, ki ɗiga shi a kan tabon kaɗai da ɗan yatsa mai tsabta, sannan ki bi da hoda marar nauyi. Wannan ya fi sauƙi ta fuskar alwala ma, tunda malamai sun bayyana cewa duk abin da ya yi kaurin da zai hana ruwa taɓa fata sai an cire shi. Mai lafta kwalliya dole ta kankare ta da Azahar, ta sake, ta kuma kankarewa da La'asar, kuma wannan gogayyar kaɗai ta isa ta hana fuska warkewa. In dole sai kin cire, ki yi da auduga da ruwan cire kwalliya marar ƙamshi. Tsumman goge-goge masu turare da sabulun wanke hannu na banɗakin ofis kada su kusanci fuskarki. In maiƙo ya taso da rana, ki danna tishu a goshi da hanci ki ɗaga, kafin ki ƙara hoda. Hoda a kan maiƙo taɓo take zama. Soson hoda da buroshi a wanke su da sabulu duk mako a shanya su bushe, kuma ba a aronsu. Duk gajiyar da kika kwaso, ba a kwana da kwalliya.

Na'urar sanyaya ɗaki tana busar da fata, balle in hunturu ya shigo. Masu maiƙon fuska sukan ɗauka ba sa buƙatar mai, alhali fatar da ke kan adapalene in ba a ba ta laushi ba sai ta tsage, mai ita ta ajiye magani. Ki nemi mai marar nauyi marar ƙamshi, irin mai glycerin ko ceramide, ki shafa da safe da dare, ki zuba kaɗan a ƙaramar kwalba don bayan alwala. Man kaɗanya, man kwakwa da man zaitun ki bar wa jiki da ƙafa. In iskar na'urar kai tsaye take bugun fuskarki, ki roƙi a juya ta ko ki gyara zaman kujera.

Baƙin tabon, wanda muka san ya fi ƙurajen kansu damunki, fata ce ke zuba launi a duk inda aka yi kumburi, kuma rana tana ƙara dafa shi. Marar zurfi yakan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin ya baje da kansa, mai zurfi ya fi haka. Abu biyu ke gajarta wannan lokacin: a hana sabon ƙurji fitowa, a kuma tare rana. Ki sami man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama, ki matso tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, ki shafa bayan man laushi kafin kwalliya, kwata awa kafin ki fita. In kina cikin ofis nesa da taga ba sai kin yi ta maimaitawa ba, amma bayan alwalar La'asar ki sake shafawa kafin ki shiga adaidaita sahu, haka in za ki fita da rana tsaka. Wasu suna barin fari-fari a baƙar fata, don haka ki gwada a gefen muƙamuƙi kafin ki sayi babba, ko ki nemi mai ɗan launi. Hydroquinone ba na shafawa ba ne tsawon watanni babu tsayawa: in aka daɗe a kansa yana iya jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, wanda ya fi tabon farko wuyar magani nesa ba kusa ba.

Abinci ba shi ne tushen ciwon ba, amma yana iya ƙara masa wuta. Hujjar da ake da ita ta fi nuna abubuwan da ke ɗaga sukarin jini da sauri, da madara ga wasu mutane. Abincin ofis kuwa kin san shi: lemon kwalba, biskit, fanke, farin burodi, shayi mai cokali uku na sukari. Ki rage waɗannan, ki riƙa tafiya da abincin gida mai wake da ganye. Gyaɗa da ake ta zargi babu ƙwaƙƙwarar hujja a kanta. In kin lura tana tayar miki, ki bar ta wata guda ki gani. Rashin barci da matsin ƙarshen wata su ma suna tayar da ƙuraje, don haka in suka ƙaru a irin wannan lokacin kada ki ce magani ya daina aiki.

Za ki sha tambaya a ofis, musamman a makonnin da fuskar za ta rikice, kuma hasken da man ya ba ki zai koma launinki na asali. Kowa zai zo da nasa maganin. Amsa ɗaya ta ishe ki: "Na gode, ina ganin likita, ya ce kada in haɗa da komai." Ita abokiyar aikin da ta haɗa miki man, wataƙila da kyakkyawar niyya ta yi, kuma mai yiwuwa ita ma tana cikin tarkon. Ba sai kun yi faɗa ba, ki gaya mata abin da ya same ki a keɓe. In kuma kin ga damuwar ta kai ki ga gudun mutane, ko kuka, ko tunanin barin aiki, ki faɗa wa likita ƙarara, don wannan kaɗai dalili ne na ƙara ƙarfin magani da wuri.

Ki ɗauki hoton fuskarki ba kwalliya a wuri ɗaya da haske ɗaya duk mako biyu, don ido yana mantawa. Kada ki yanke wa magani hukunci kafin mako 6 zuwa 8, cikakken sakamako kuma sai wajen mako 12. In kin ƙidaya, wata guda na rabuwa da sitiroyid da wata uku na magani, za ki ga saura wata ɗaya kafin biki, don haka kowane makon jinkiri daga cikinsa ake cira. In lokacin gyaran jiki ya zo, ki gaya wa mai gyaran a fili cewa ban da fuska a dilka da halawa, don fatar da ke kan adapalene ko wadda sitiroyid ya cinye tana iya ɗayewa, kuma kada a shafa miki wani haɗin haske na amare, yawancinsu abin da kika gudo ne. In babban ƙurji ya fito ana saura kwanaki, likitan fata na iya yi masa 'yar allura ya kwanta cikin kwana biyu ko uku.

Ki nemi ganin likitan fata a wannan makon ko na gaba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da su, kuma ki nemi izinin fita a wurin aiki tun da wuri don layi yakan yi tsawo. Ki tafi da duk abin da kike shafawa a jaka, har da robar haɗin da babu suna a jikinta, da sabulun, da fandeshin. Ki gaya masa in al'adarki tana tsallake ko tana rikicewa, in gashi na fito miki a haɓa ko ƙirji, ko ƙiba ta zo miki ba dalili, don waɗannan tare da ƙurajen haɓa da muƙamuƙi suna iya nuna rikicewar sinadaran jiki da likitoci ke kira PCOS, wadda maganinta ya wuce shafe-shafe. In kina shan wata ƙwaya ta ƙara ƙiba ko ta gyaran jiki, ita ma ki kai masa, don ana samun sitiroyid a irinsu. Sannan in kuna da niyyar tsarin iyali bayan aure, ki tambaye shi tun yanzu, saboda allurar wata uku da ashanar hannu suna tayar wa wasu mata ƙuraje, wasu ƙwayoyin sha kuma suna kwantar da su.